Wa Ya Ce Ka Haɗe Tiyon Nan?

A gindin wata darbejiya a Dogo Nini cikin Potiskum na durƙusa na leƙa ƙarƙashin a-kori-kurar ƙanena, na ga abin da ya kashe ta. Guntun tiyo ne, bai kai kamu guda ba, an lanƙwasa shi kamar ƙugiya, an cusa baki ɗaya a wannan bututu, ɗaya bakin a wancan, aka ɗaure da wayar da magina ke ɗaurin rodi. Bututun nan biyu daga giyabos suka taso. Asalinsu lagireto suke zuwa: ɗaya ya kai man giya da zafinsa, ɗaya ya dawo da shi bayan ya huce. Bakaniken da ya canja lagireto wata biyu kafin nan ya sayo na mota mai giyar hannu, wanda ba shi da mashigar man giya. Da ya ga bututu biyu suna reto babu inda zai sa su, sai kawai ya ɗaura musu aure. Mai ya fito da zafi, ya yi kwana nan take, ya koma da zafinsa. A haka motar ta yi ta jigilar wake da gero cikin ranar Afrilu, har ran da ta tsaya a hanyar Gashuwa, injin na ta kuka, taya ko motsi.

Na kira bakaniken na nuna masa. Ko kunya. "Alhaji, ai wannan ba ya komai," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Turawa ne suka sa saboda sanyin ƙasarsu." Da na yi shiru ina kallonsa sai ya ƙara da cewa dama otomatik ba motar ƙasar nan ba ce. Da ya ga har yanzu ban tanka ba, ya jawo ta ƙarshe, wadda ba a musu da ita: haka Allah Ya ƙaddara.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Malam, ba ƙaddara ce ta ɗauki filaya ta murɗe wayar nan ba. Kai ne. Kuma da kai kaɗai ne da ban ɓata takarda ba. Gyaran gangar Auzinawan nan ya zama ruwan dare a garejojinmu, har yaran da ke koyon sana'a sun ɗauka haka ake yi.

Abin takaicin, Potiskum garin mota ne. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, ga ta Bauchi, ga ta Gashuwa, ga wadda ta bi ta Fika ta nufi Gombe. Ranar Laraba kara ta cika, tireloli sun yi layi suna jiran shanun da za su kai Kudu. A garin nan akwai yaran da za su sauke injin tirela su warware shi a kan tabarma su mayar, ko noti ɗaya ba zai rage ba. Ban raina hannunku ba. Sai dai iyayen gidanku a kan Fijo 404 da 504 suka koyi aiki, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma giyar waɗannan ba ta da wani tiyo da ke zuwa lagireto. A zuba mata mai a manta da ita. Yau ga Hilux otomatik, ga Tacoma da Tundra da Frontier 'yan Amurka suna shigowa ta Kwatano da Legas. Mota ta canja, ilimin yana nan inda aka bar shi. Rashin sani ba abin kunya ba ne. Ka ƙi tambaya, ka taɓa abin da ba ka fahimta ba, ka karɓi kuɗin mutum, in ta lalace ka jingina wa Allah, wannan shi ne cin amana.

Bari in faɗa maka abin da ya kamata ogan da ya yaye ka ya faɗa maka. A giyar hannu, kuloci ne ke kama injin da giya ƙam. A otomatik kuwa, tsakaninsu akwai rufaffiyar tukunyar nan cike da mai da kuke kira kwambata. A cikinta fanka biyu ne ke fuskantar juna: injin ya juya ɗaya, ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Duk ƙarfin da zai ja lodin da ke bayan motar ta cikin man nan yake bi. Muddin ta biyu ba ta kamo gudun ta farko ba, ratar da ke tsakaninsu zafi take zama, kuma man ne ke shanye shi. In mota ta miƙe a kwalta akwai wani ɗan kuloci a ciki da ke kulle su wuri ɗaya, zafin ya lafa. To, a ina motocinmu ke cin tuwonsu? A cunkoson kasuwa, ana taku ɗaya ana tsayawa. A rairayin Yusufari da Yunusari. A hawan wajen Fika da buhuna har saman kai. A taɓon damina, direba na taka totur taya na wulwulawa. A duk wuraren nan kullin ba ya kamawa, kwambata dahuwa kawai take yi. Gaskiya ne lagireto kan ɗan ɗumama man da sanyin safiya, amma babban aikinsa ya sauke masa zafi. Mutumin Kanada ma bai isa ya haɗe tiyon nan ba, balle kai da ke garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu.

Man giya yana son ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. Masu harkar mai sun daɗe da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 a kan haka raba kwanansa biyu yake yi. In ya haura 120 sai ya fara barin ƙanzo a ƙananan hanyoyin da yake bi, sil ɗin roba su ƙandare, ƙarfin matsin mai ya zube, faiba ta fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara zamewa. Ba sai da na'ura za ka gane ba. Zaro geji ka ɗiga a farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓo. Na motar ƙanena da muka ɗiga, kamar shayin da ya kwana a buta, ga ƙauri irin na tuwon da ya kama, ga wasu 'yan ƙyalƙyali a ciki in ka karkata takardar wajen rana. Ƙarfen giyar ne ya zama gari.

Akwai ma waɗanda suka fi mai haɗewa ta'asa, masu toshe bututun biyu da noti wai kada mai ya zuba. Su ba su san cewa man da ke dawowa daga wajen sanyaya ba tafki kawai yake komawa ba. A yawancin giyoyin nan shi ne ke bi ya shafe haƙoran giya da bushin. Ka toshe shi, ka hana su abinci ke nan.

Yanzu na juyo kan masu ganin sun waye, waɗanda suka ji labarin ƙaramin lagireton man giya, oyil kula, suka ce sun gano magani. Kular tana da kyau, ni ma ina cewa duk a-kori-kura otomatik da ke ɗaukar kaya a Yobe a sa mata. Amma sai ka ga an sayo 'yar mitsitsiya kamar littafin aljihu, an cire tiyo daga lagireto gaba ɗaya an ba ta, wai ai ruwan lagireto zafi gare shi. Garin neman gira an rasa ido. Ruwa ya fi iska jan zafi nesa ba kusa ba, kuma yana aikinsa ko mota na tsaye. Kular iska sai da iska. A cunkoson kara ko a cikin rairayi, inda zafin ya fi tsanani, nan ne kuma iskar ta fi ƙaranci. Tsarin da ya dace da ƙasarmu ɗaya ne: mai ya fito daga giyabos, ya shiga lagireto ruwa ya kwashe mafi yawan zafin, ya fito ya shiga kula iska ta rage saura, sannan ya koma giya. In ka juya, kula ta riga lagireto, to man da ka sanyaya ka sake tsoma shi a ruwan zafi. Wannan tsarin ne na masu dusar ƙanƙara, in dai abin da Turawa suka yi don sanyi kake nema.

Kuma kada ka ce min na sama ne ko na ƙasa ne mai dawowa, domin ya danganta da motar. Gwadawa ake yi. Kwance tiyo ɗaya a bakin lagireto, ka sa wani a bakin da ka buɗe, ka zura duka biyun a galan, yaro ya tayar da injin na 'yan daƙiƙu ya kashe. In ta bakin lagireto man ya fito, nan ne hanyar komawa, nan za ka saka kula. Aikin minti biyar ne. Bayan ka gama haɗawa ka sake auna abin da ke komawa giya: tsohon ma'aunin masu gyaran giya shi ne kamar lita ɗaya cikin daƙiƙa 20 injin na silo. In ɗiga yake yi, wani wuri ya shaƙe, kada motar ta bar gareji.

Akwai lokacin da raba giya da lagireto ke da hujja, kuma gara in faɗe shi kafin wani ya jefe ni da shi. Motocin Nissan ƙirar Frontier da Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna a Amurka saboda bututun man giya da ke cikin lagiretonsu kan tsage, ruwa da mai su gauraye. Abin ya kai kamfanin ya tsawaita garantin lagireton, aka kuma yi shari'a aka sasanta. Waɗannan motocin da yawa nan suka ƙare, a hannunmu. Wanda ke da irinsu, ko ya canja lagireto da ingantacce, ko ya kauce masa da babbar kula mai fankarta. Sai dai kada mu ɗora wa Nissan duka laifin, mu ma muna ƙera namu. Mun daina sayen ruwan lagireto mai maganin tsatsa, sai ruwan rijiya da na leda, shekara da shekaru, har tsatsa ta huda bututun daga waje. Ran da ka zaro geji ka ga man ya koma kamar an zuba nono a zoɓo, kashe motar a inda take. Ruwa yana saki gam ɗin da ya riƙe faiba, kuma faibar da ta sha ruwa ba ta komawa daidai.

Zaɓen kular ma an mai da shi wasan yara. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai bututu ɗaya da ya yi ta zagaye kamar maciji cikin siraran fukafukai. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi rauni. Akwai mai falle-falle da fukafukai a tsakani, akwai mai faranti da aka jera bisa juna, wadda ta fi duka jan zafi a girma ɗaya kuma ta fi jure dukan tsakuwa. Girmanta da nauyin aikin motar ake aunawa. Bakinta kuma ya yi daidai da bututun motar, yawanci milimita 8 ko 10. In ya fi ƙanƙanta ka shaƙe man da hannunka. Amma me nake gani? Tsohuwar kwandansar esi, an tsinto ta a bola, an hura da baki an ɗaura. Kwandansa don gas aka yi ta. Ramukan na zamani kamar hancin allura suke, ga dattin mataccen kwamfiresa maƙare a ciki. Mai mai kauri da sanyin safiyar hunturu ta ina zai bi? Wani kuma kular Beljiyam zai sayo, wadda aka ciro daga motar da ba wanda ya san me ya kashe giyarta, da garin ƙarfenta da komai, ya haɗa wa lafiyayyiyar giya. Araha ba ta ado.

Sai wurin ɗaurawa. Gaban kwandansa take zama, bayan giril, inda iskar hanya ke bugunta kuma fankar injin ke ja ta cikinta. Na ga wadda aka ɗaura a bayan lagireto tana shan hucinsa. Na ga wadda aka rataye a ƙarƙashi kusa da aksul, taɓo ya yi mata yaɓe kamar katangar ƙauye. Na ga wadda aka sa daidai, sannan maigidan ya jera manyan fitilu da lambar mota ya tare mata iska. Da ƙarfe da noti ake kafe ta a jikin mota. Siraran robobin nan da ake sokawa ta cikin lagireto a ja, a hanyar burji mai gargada goga suke yi har su huda shi. Bakunanta su kalli sama ko gefe, kada su kalli ƙasa iska ta maƙale a ciki. In gefe ne, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Kuma bayan kaka, lokacin da ƙaiƙayi da ƙura suka cika gari, a riƙa hure ta. Kular da ta toshe ado ce kawai.

Tiyo kuwa, wallahi abin ya isa. Tiyon fetur, tiyon ruwa, har na tukunyar gas na gani. Man giya da zafinsa narka su yake yi daga ciki, su kumbura, su yi laushi, wata rana su fashe. Akwai tiyon da aka yi don wannan aikin, a jikinsa za ka ga an buga SAE J1532. Karanta kafin ka yanka. A ɗaure da kilif, a bakin bututun da aka ɗan buɗa masa leɓe don kada ya zame. Kada ya lanƙwashe, kada ya gogi ƙarfe mai kaifi, kada ya kusanci bel, kuma ya yi nesa da salansa. Famfon giya ba ya jira. Tiyo ya cire kana gudu, kafin ka ankara ya zubar da man a titi, in kuma a kan salansa mai zafi ya fesa, wuta ce. Bayan duk wannan a ƙara mai, domin kula da tiyonta sun sha nasu, a auna injin na aiki, mota a fili madaidaici, man ya yi ɗumi. Masu giyar da ba ta da geji, ta notin ƙasa ake auna su a zafin da littafin motar ya faɗa, ba da ƙiyasi ba.

Kai kuma Alhaji mai mota, na ga kana murmushi, to kai ma zauna. Wa ya ce a sayo lagireton da ya fi araha? Ƙanena da bakinsa ya gaya min an kawo masa farashi biyu ya zaɓi na ƙasa, bai tambayi bambancinsu ba. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu 10 mai kilo 100, Tacoma ma ba ta kai nan ba. Kai kana ɗora mata ninkin haka, ka ɗora mutane a kan buhunan, ka ɗaura akuya a gefe. Fitilar A/T OIL TEMP ta kama, direbanka ya liƙe ta da baƙin salatif don tana damun idonsa. Ita kuwa cewa take yi ka sauka gefe, ka sa a P, ka bar injin na silo har ta mutu, domin man ya ci gaba da zagayawa yana hucewa. An ba ka L4 don rairayi da taɓo, yana rage wa kwambata wahala ƙwarai, amma ka bar shi har ya yi tsatsa. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket ƙarƙashin sitiyari, kuma a yawancinsu ƙaramar na'ura da wayar hannu sun isa su nuna maka zafin man giya kana tafe. Kuɗinta bai kai na cika tanki ba.

Sannan batun "ja ja ne, Oga, duk ɗaya ne." Jan nan rini ne, an sa shi don a bambanta man giya da baƙin mai in ya ɗiga a ƙasa. Toyota tana da T-IV tana da WS, kuma ba a musanya su. Nissan tana da Matic nata, General Motors tana da Dexron tun 1967, Ford tana da Mercon. Kowanne da kaurinsa da irin santsin da faibar giyar ke bukata. Har zuwa farkon shekarun 1970 man dabbar tekun nan whale ake sa wa man giya don a sami santsin da ake so, sai da dokar kare dabbar ta hana. Mutanen da suka shiga teku neman abin da zai daidaita man nan ba su ɗauke shi abin wasa ba, kai ne za ka auna shi da launi a cikin gorar ruwa a bakin tasha? In kuma ta mutu a hanya, sai a nemo igiya a ja ta kilomita hamsin, injin a kashe, famfo ba ya juyawa, haƙoran giya na gudu a bushe. Motar da ta tsaya da ƙaramin ciwo ta iso gareji gawa.

Giyabos ɗin da aka canja wa motar ƙanena daga Ƙofar Ruwa aka kawo shi, a Kano, kuɗinsa ya ninka rarar da ya yi a lagireto sau ban san iyaka ba, ban da makonnin da motar ta yi a kwance kasuwa na ci. Wannan karon ban matsa ba. Na tsaya aka sa lagireton da ya dace, aka wanke bututun ƙarfen biyu har abin da ke fita ya zama garau, domin garin tsohuwar giya in ya rage a ciki shi zai kashe sabuwar, sannan a ce ɗan kasuwa ya sayar da ruɓaɓɓiya. Aka kafa sabuwar kula a gaban kwandansa, aka gwada hanyar dawowa da galan a idona. Muka zaga da ita har Mamudo muka dawo, na sa bayan hannu a bututun biyu: ɗaya ba ya taɓuwa, ɗaya ɗumi kawai.

Ina shirin tafiya na ga ƙaramin yaron garejin, wanda bai fi shekara goma sha uku ba, ya tsinci guntun tiyon nan mai kama da ƙugiya daga ƙasa, ya kakkaɓe shi, ya warware wayar a hankali, ya nufi akwatin kayan aiki da shi. Na ce, "Kai yaro, ina za ka kai shi?" Ya ce, "Baba, zai yi amfani." Na miƙa hannu ya ba ni, na sa a aljihu. Ogansa, daga ƙarƙashin wata motar, ko ɗago kai bai yi ba. "Bar wa Alhaji," in ji shi. "Akwai wani a shago."